Tsohon Ruwan Inabi da Ƙoƙon Bagade: Darasi ga Jama'a da Masu Hidimar Majami'a



A kowace Misa, bayan an kawo baiko, firist yakan zuba ruwan inabi kaɗan a ƙoƙo, ya ɗiga masa ruwa, sa'an nan ya ɗaga shi yana yi wa Allah godiya saboda abin da kurangar inabi ta ba da, da kuma gumin mutanen da suka sarrafa shi. Dukanmu mun saba ganin wannan. Amma da za a tsai da jama'a a bakin ƙofar majami'a a tambaye su wane ne ya taɓa ganin kurangar inabi da idonsa, kaɗan ne za su ɗaga hannu. Mu manoman masara ne da dawa da doya. Inabi baƙo ne a gonakinmu, kuma abin da mutum bai noma ba da wuya ya san halinsa.

Dalilin wannan darasi shi ne wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu hidimar majami'a, cewa wai ruwan inabi ba ya lalacewa, tsufa ma ƙara masa kyau yake yi. Rabin maganar gaskiya ne. Sauran rabin kuwa yana iya hana jama'ar ƙauye guda samun Misa a ranar da suka yi wata da watanni suna jira. A ƙauyukan dajin nan, daga Birnin Gwari har zuwa wajen Kusasu, shekarun rashin tsaro sun sa firist ba ya isa ko'ina a kan kari. Kwalbar da aka buɗe a wannan ziyara takan zauna a akwati, ƙarƙashin rufin kwano, har ziyara ta gaba. Saboda haka ya kamata mu san inda maganar take da gaskiya, mu san su wane ne ke yin ruwan inabin da ke jure shekaru, da yadda masana ke ɗanɗana shi, domin mu gane bambancinsa da kwalbar da ke akwatinmu.

ABIN DA KE SA WANI YA TSUFA, WANI YA RUƁE

Abubuwan shan da muka gada na kwana ɗaya ne ko biyu. Burukutun da aka dafa ba ya jiran mako. Bammin da aka sauko da shi da asuba, kafin la'asar ya soma tsami. Ko kunun zaƙi da fura, in sun kwana sai a hankali. Don haka in aka ce mana akwai abin shan da ya girmi mai shansa, sai mu ga kamar tatsuniya. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne zuma, shi ya sa magabata suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ana yin jan ruwan inabi ne ta hanyar murƙushe 'ya'yan inabi baƙaƙe, a bar ruwan tare da ɓawon da ƙwayoyin na kwanaki ko makonni. Yisti yakan cinye zaƙin da ke ciki, ya mai da shi barasa. Ruwan da ke cikin yawancin 'ya'yan inabi ba shi da launi. Daga ɓawon ne jan yake fitowa. Daga ɓawon da ƙwayoyin kuma wani abu yake fitowa wanda kowane mai cin goro ya san shi, wato bauri, abin nan da ke kama harshe da dasashi. Danginsa ne ke cikin bagaruwa, wadda majema ke jeme fata da ita. Kamar yadda bagaruwa ke hana fata ruɓewa, haka wannan bauri, tare da ɗan tsamin da inabi ke da shi tun asali da kuma ƙarfin barasa, suke tsare ruwan inabi. In sun yi yawa, sabon ruwan ba ya shaɗuwa, yakan yi kaifi a baki. Sai shekaru sun wuce baurin yake laushi, wani sashensa ya dunƙule ya kwanta a gindin kwalba, ƙanshin ɗanyen 'ya'yan itace ya koma wani abu dabam mai zurfi.

Ga inda rabin gaskiyar nan ya tsaya. Ruwan inabin da aka yi shi da wannan ƙarfi tun daga gona ne kaɗai ke amfana da tsufa, kuma irinsa ba shi da yawa. Mafi yawan abin da ake yi a duniya don a sha shi cikin 'yan shekaru ne. Ko mai ƙarfin ma sai an cika masa sharuɗɗa: duhu, natsuwa, da sanyi mara canzawa, wajen digiri 12 zuwa 14. Iska kuwa abokiyar gāba ce in ta yi yawa. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, wanda ya buga bincikensa kan ruwan inabi a 1866, ya nuna cewa wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ne ke mai da shi ruwan tsami idan suka sami iska. Zafi yana hanzarta musu aiki. A nan wurinmu, a watan Maris da Afrilu, zafi yakan haura digiri 35 a inuwa, balle a cikin ɗaki mai rufin kwano.

Mutanen Littafi Mai Tsarki sun san wannan sana'a ciki da waje. A sura ta 25, annabi Ishaya ya kwatanta bikin da Allah zai shirya wa dukan al'ummai, ya kuma ambaci ruwan inabin da ya daɗe aka kuma tace shi sarai. Kalmar Ibrananci da ya yi amfani da ita tana nufin abin nan da ke kwanciya a gindin tulu, wanda ake barin ruwan a kansa don ya yi ƙarfi. Irmiya, a sura ta 48, ya kwatanta Mowab da ruwan inabin da ba a taɓa juye shi daga wani tulu zuwa wani ba. Littafin Sirak ya kwatanta sabon aboki da sabon ruwan inabi, wanda sai ya daɗe ake jin daɗinsa. A cikin masu Bishara kuwa, Luka ne kaɗai, a ƙarshen sura ta 5, ya ƙara maganar Ubangiji cewa wanda ya saba da tsoho ba ya marmarin sabo. Masu sauraronsa ba su bukaci bayani ba, gama kusan kowane gida yana da garka ko yana da maƙwabci mai ita.

GIDAJEN DA SUKA GAJI SANA'AR

Kurangar inabi ba masara ba ce da za a shuka a Yuni a girbe a Oktoba. Takan yi shekara uku ko huɗu kafin ta ba da amfanin kirki, manoma kuma sun fi daraja 'ya'yan tsohuwar kuranga, wadda ta yi shekara talatin ko fiye, ko da yake ba ta haihuwa da yawa. In aka haɗa wannan da shekarun da ruwan zai yi a ganga da kwalba, za a ga cewa mutum ɗaya ba ya cin moriyar aikinsa duka. Kaka ne ke dasawa, uba ya matsa, jika ya buɗe kwalba. Shi ya sa sana'ar ta fi zama a hannun zuriya, ko kuwa a hannun 'yan zuhudu, waɗanda su ma gidansu ba ya mutuwa da mutuwar mutum ɗaya.

Hannun Ikilisiya a cikin wannan tarihi ba ƙarami ba ne, kuma bukatar bagade ce ta jawo shi. 'Yan zuhudun gidan Cîteaux a Faransa, wanda aka kafa a 1098, su suka gyara gonar da ake kira Clos de Vougeot, suka kewaye ta da katangar dutse, suka yi ɗaruruwan shekaru suna lura da wane gefen tudu ne ke ba da wane irin ɗanɗano, har juyin juya halin Faransa ya ƙwace ta daga hannunsu. A Labanan, limaman ƙungiyar Jesuit sun soma yin ruwan inabi a Ksara cikin kwarin Beka a 1857, suka riƙe wurin har 1973 da aka sayar. Kusa da Baitalami, gidan Cremisan na ƙungiyar Salesian yana wannan aiki tun 1885. Waliyi Benedict kansa, a dokar da ya rubuta wa 'yan zuhudu, ya yarda musu da ɗan ma'auni kaɗan a rana, kuma duk mai karanta wurin zai ji cewa ba da son ransa ya yarda ba.

A garin Haro na yankin Rioja a ƙasar Sifen akwai gidan López de Heredia, wanda aka kafa a 1877, kuma har yau tattaɓa-kunnen wanda ya kafa shi ne ke riƙe da shi. Dokar yankin ta ce jan ruwan inabi mai daraja ta ƙoli sai ya shekara 5 kafin a sayar, 2 daga ciki a ganga. Su kuwa sukan bar nasu ya yi wajen shekara 10 a ganga kaɗai. Suna da masassaƙansu na gida masu haɗa gangunan katako, kowace tana cin lita 225, wato kwalba 300. Da farin ƙwai suke tace ruwan, kamar yadda kakanninsu suka yi. Yanar gizo-gizo da ke rataye a ɗakunansu na ƙarƙashin ƙasa ma ba sa share ta. Ɗan kasuwan zamani zai ce wannan ɓarnar jari ce, a kulle dukiya shekara goma ba ta juyawa. A ganina, sun san abin da manomin da ke ajiye shekararren hatsi a rumbu ya sani.

Amma gidan da labarinsa ya fi kusa da halin da muke ciki shi ne na Hochar a Labanan, ƙasar mutanen nan da iyayenmu ke kira Kwara a Kano da Kaduna. Gaston Hochar ya kafa Chateau Musar a 1930 a garin Ghazir, arewa da Bairut. Gonakin kuwa suna can ƙetaren dutse, a kwarin Beka, saboda haka kowace kaka sai an ɗauko inabin a manyan motoci an hauro da shi. Ɗansa Serge, wanda ya yi karatun sana'ar a Bordeaux, ya karɓi aikin a 1959. A 1975 yaƙin basasa ya ɓarke, bai lafa ba sai 1990. Hanyar da ke tsakanin gona da wurin matsa ta zama ta shingayen 'yan bindiga, kowane shinge da mai shi. A 1976 ba a sami kawo inabin ba sam, shekarar ta wuce babu ko kwalba ɗaya. A 1984 motocin sun yi kwanaki a hanya har inabin ya soma tafasa da kansa kafin ya iso; abin da aka yi da shi sai aka ajiye, ba a fitar da shi ba sai bayan shekaru masu yawa. Sauran shekarun yaƙin kuwa an girbe, an matsa, an zuba a ganga. Da kasuwar gida ta mutu, Serge ya ɗauki kwalabensa zuwa wani baje koli a Bristol ta Ingila a 1979, inda masana suka ɗanɗana suka yaba, duniya ta san sunan gidan. Ya rasu a ranar ƙarshe ta 2014, zuriyarsa kuma suna ci gaba. Al'adarsu ita ce ba sa sayar da babban jan ruwansu sai ya shekara 7.

Wanda ya taɓa biyan kuɗi kafin a bar shi ya shiga gonarsa, ko ya ga hatsinsa ya bushe a tsaye ba halin girbi, ba ya bukatar a fassara masa wannan labari. Mutumin da ke zuba ruwan inabi a ganga a tsakiyar yaƙi, alhali ba zai sayar ba sai bayan shekara bakwai, ya ɗauka cewa gidansa zai kai lokacin. Dokar Musa ta san nauyin wannan, shi ya sa a Maimaitawar Shari'a sura ta 20 aka sallami wanda ya dasa garkar inabi bai kuwa ci amfaninta ba daga fita yaƙi. Nabot ma a kan garkar kakanninsa ya rasa ransa, don ya ƙi sayar wa sarki Ahab. Tun sulhun da aka yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe, mutane da dama sun koma gona. Ranar da za mu ga manoma sun soma dasa mangwaro da lemo da kashu, itatuwan da ba a cin amfaninsu a shekarar farko, a ranar za mu san cewa zukata sun kwanta.

YADDA MASANA KE ƊANƊANA SHI

Kada kowa ya ɗauka ana koya masa shan giya ne a nan. Mun san ɓarnar da buguwa ta yi a gidajenmu, mun san matan da ke kuka saboda kuɗin makarantar yara ya ƙare a gidan burukutu, kuma muna zaune da maƙwabta Musulmi waɗanda addininsu ya haramta barasa gaba ɗaya, ya kuwa wajaba mu kiyaye mutuncinmu a gabansu. Abin lura shi ne, masu sana'ar ɗanɗanawa ba sa haɗiyewa. Sukan kurɓa, su juya a baki, su tofar a wani kwano da aka tanada. Aikinsu ganewa ne, kamar yadda mai sayen zuma a kasuwa ke laƙata a yatsa.

Tun kafin a buɗe tsohuwar kwalba, sukan duba inda ruwan ya tsaya a wuyanta. In ya sauka ƙasa da yawa, alama ce matoshin ya saki, iska ta shiga. Matoshin nan ɓawon wani itace ne da ya fi yawa a ƙasar Fotugal, wanda ake saɓule ɓawonsa sau ɗaya a shekara 9 ba tare da an sare shi ba. Ana kwantar da kwalba a ma'aji don ruwan ya riƙa jiƙa matoshin kada ya bushe. In za a buɗe, sai a tsai da ita kwana ɗaya ko biyu abin da ke ciki ya kwanta, sa'an nan a tsiyaye a hankali cikin wata kwalbar, da kyandir a bayan wuyanta, a dakata da zarar an ga duhun gindin ya taso.

Daga nan sai ido. Ana karkata kofin gilashi a kan farin ƙyalle. Sabon jan ruwan inabi yana da duhu mai shuɗi-shuɗi kamar zoɓo mai kauri. Tsoho kuwa yakan washe, bakinsa ya koma launin jan bulo ko jar ƙasa. In ya zama ruwan ƙasa gaba ɗaya kuma ya gurɓace, to ya wuce lokacinsa.

Hanci shi ne babban alƙali, kuma a nan masana suka fi daɗewa. A tsohon ruwa mai lafiya sukan ji ƙanshin busassun 'ya'yan itace, da na fatar da aka jeme, da na ganyen taba, da wani abu mai kama da ƙanshin ƙasa a ranar ruwan farko. A wanda ya lalace kuwa, ko dai warin ruwan tsami ya bugi hanci, ko warin jiƙaƙƙen kwali da ya kwana a ɗaki mai laima, wanda ke nuna matoshin ne ya kamu, ko kuwa ƙanshin abin da aka dafa ya ƙone, wanda ke nuna zafi ya taɓa shi a hanya ko a ma'aji. A baki ana neman a ji baurin ya yi laushi, ɗan tsamin yana nan bai mutu ba, ɗanɗanon kuma ya daɗe bayan an tofar. Abin tausayi, ruwan da ya yi shekara hamsin a rufe yana iya dusashewa cikin sa'a guda bayan ya sha iska. Uban bikin Kana, wanda Yohanna ya ba da labarinsa a sura ta 2, irin wannan gwani ne: kurɓa ɗaya ya yi ya gane cewa abin da aka kawo masa daga baya ya fi na farko, ko da yake bai san daga ina ya fito ba.

Inda abu ya yi daraja, kuɗi da ƙarya sukan biyo. A watan Oktoba 2018 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta Romanée-Conti ta shekarar 1945 a birnin New York a kan dala 558,000. Gonar ba ta kai hekta 2 ba, kwalba 600 kacal aka yi a wannan shekara, daga nan aka tumɓuke tsofaffin kurangun saboda wani ƙwaro mai cin saiwa da ya addabi Turai tun wajen 1860, wanda ba a sami maganinsa ba sai ta yi wa kurangar Turai aure da saiwar ta Amurka, kamar yadda muke yi wa mangwaro. Ban ga abin yabo a wannan farashi ba. Kuɗin da zai gina rijiyoyi da ajujuwa masu yawa ya tafi a kan abin da watakila ba za a taɓa buɗewa ba. A 2008 kuma wani mai suna Rudy Kurniawan ya kai kwalabe gwanjo da sunan gidan Ponsot na Faransa, na wata gona da ake kira Clos Saint-Denis, ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971. Laurent Ponsot ya taso takanas ya je ya tsai da cinikin, domin ya san gidansu bai soma yin ruwan wannan gona ba sai 1982. Manyan attajirai masu taƙama da harshensu sun sha jabun mutumin nan shekara da shekaru suna yabawa. Ɗan gida ne ya kama shi. An yanke masa ɗaurin shekara 10 a 2014. A ƙasarmu ma, a watan Disamba 2023 hukumar NAFDAC ta rufe shaguna masu yawa a kasuwar Eziukwu ta Aba, inda ta tarar ana ɗura abubuwan sha na jabu, har da ruwan inabi, a kwalaben da aka tsinto.

ABIN DA IKILISIYA TA SHARƊANTA

Ikilisiya ba ta neman mai tsada, ba ta neman tsoho, ba ta kuma ce lalle sai ja ba. Fari ma ya halatta, wasu ma sun fi son sa don ba ya ɓata ƙyallen bagade. Doka ta 924 a kundin dokokin Ikilisiya na 1983 abu uku ta nema: ya zama na asali, daga 'ya'yan inabi, kuma bai lalace ba. Umarnin Redemptionis Sacramentum na 2004 ya ƙara da cewa kada a yi amfani da wanda ake shakkar asalinsa. A 2017 Kadinal Robert Sarah, ɗan ƙasar Gini, ya rubuta wa dukan bishop-bishop bisa umarnin Paparoma Francis, yana tunatar da su cewa tun da yanzu ana sayar da waɗannan kaya a kantuna da intanet, nauyinsu ne su san wanda ya yi su. Maganar ba sabuwa ba ce. Tun a ƙarni na 3 Waliyi Cyprian, bishop na Carthage a Afirka ta Arewa, ya rubuta doguwar wasiƙa yana tsawata wa masu miƙa ruwa zalla a ƙoƙo.

Tsohon littafin Misa na 1570 ya bambanta hali biyu, kuma bambancin yana da amfani har yau. In ruwan inabin ya riga ya zama ruwan tsami, ba ruwan inabi ba ne kuma, don haka babu sakramenti. In kuwa ya soma tsami ne kawai, sakramenti ya tabbata, amma wanda ya yi amfani da shi da saninsa ya yi babban laifi. Haka nan lemon kwalba mai launin inabi, da zoɓo, da abin da wasu kantuna ke sayarwa da sunan ruwan jibi alhali ruwa ne da sukari da launi, duk ba sa shiga ƙoƙonmu, ko da 'yan'uwanmu na wasu ɗariku suna da tasu al'adar. Firist ɗin da lafiyarsa ba ta yarda da barasa ba, akwai hanyar da aka tanada masa ta ɗanyen ruwan inabin da aka tsai da tafasarsa, amma sai da izinin bishop.

Saboda ƙasashe masu zafi da doguwar tafiya, a 1896 Roma ta yarda a ƙara wa ruwan inabin Misa barasar da aka tace daga inabi, muddin ƙarfinsa duka bai wuce kashi 18 cikin 100 ba. Shi ya sa wanda muke samu yakan yi zaƙi da ƙarfi. Wannan yana ba shi juriya, har ya yi makonni bayan an buɗe, inda na teburi zai juya cikin 'yan kwanaki. Makonni ne dai, ba daga Kirsimeti zuwa Ista ba.

Wani zai tambaya ko ba za mu iya yin namu ba. Inabi yana yi a jihar nan. Manoman Hunkuyi a ƙaramar hukumar Kudan, kusa da Zariya, suna noma shi a kan rumfuna suna kai shi kasuwa, amma irin na ci ne, ɗanye ake sayar da shi. A bisa doka, ruwan da aka yi daga gare shi zalla, aka bar shi ya tafasa da kansa, ya cika sharaɗi. Abin da ya rage shi ne gwaninta da tsabta da wurin ajiya mai sanyi, da kuma amincewar bishop. Ina ganin abu ne da ya cancanci gidajen zuhudunmu su yi tunani a kansa. Kada dai wani ya soma gwaji a bayan ɗakinsa ya kawo bagade.

KWALBAR DA KE AKWATINMU

Katikis da shugabannin majami'u, ku karɓi ruwan inabi daga hannun firist ɗinku ko ofishin dayosis kaɗai. In wani mai alheri ya kawo kwalba kyauta, a karɓa da godiya, a ajiye har firist ya duba takardar jikinta. Ranar da aka buɗe kwalba a rubuta kwanan wata a jikinta. Inda ziyara ke yin nisa, ya fi kyau firist ya zo da abin da zai isa ranar ya koma da sauran. In dole a bari, a juye ragowar a ƙaramar kwalba mai tsabta wadda za ta cika har wuya, gama iskar da ke cikin kwalbar da ta yi rabi ita ce ke kashe shi. A raba ta da taga da rufin kwano. Dabarar nan ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta duniya a 2000, tana yi wa kwalba amfani kamar yadda take yi wa tumatir. A kuma sa makulli, kada a jarabci yaran bagade.

Kafin Misa a zuba kaɗan a kofi mai haske a duba, a sansana. Wanda ba ya shan barasa hancinsa ya ishe shi, domin warin ruwan tsami ba ya ɓuya. In da shakka, firist ko wani babba ya ɗanɗana ɗigo a harshe, amma da sauran lokaci, saboda azumin sa'a ɗaya kafin karɓar Jibi.

In firist ya iso ya tarar ruwan ya juya, kuma bai zo da wani ba, ba shi da ikon keɓe gurasa ita kaɗai. Doka ta 927 ta hana wannan ko da a cikin matsananciyar bukata. Sai a yi hidimar Maganar Allah, ya ji ikirari, ya yi baftisma in akwai, jama'a kuma su jira wata ziyarar. Saboda haka katikis ya duba kwalbarsa mako guda kafin ranar, ya aika saƙo in akwai matsala. Wanda ya lalace, tun da ba a keɓe shi ba, ba abu mai tsarki ba ne: a zubar a gindin itace, a wanke kwalbar, a kife ta ta bushe.